Sinadarin da ke hana man shafawa ruɓewa: Abin da ya kamata kowane gida ya sani

A wannan makon za mu leƙa gaban madubin uwargida da kwandon wankan yara, mu tattauna a kan wani sinadari da kusan kowa ke shafawa kullum ba tare da ya san sunansa ba. Shi ne sinadarin hana lalacewa, wanda masu haɗa mayuka ke kira firizabatif.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne yadda sana'ar haɗa man shafawa da sabulun ruwa a gida ta bunƙasa a garuruwanmu, tun daga Agege da Idi-Araba a Legas har Sabo a Ibadan da unguwannin Abuja. Sana'a ce mai rufin asiri, mata da yawa da ita suke taimakon gidajensu. Sai dai idan kuka duba tallan da ake yi a Facebook da WhatsApp da TikTok, za ku ga da yawa suna alfahari da cewa kayansu "babu kemikal ko ɗigo". Maganar tana da daɗin ji. Amma idan man yana da ruwa a cikinsa, kuma da gaske ba a sa masa komai ba, to abin gudu ne.

Me ke lalata man shafawa?

Uwargida, ki tuna da kunun aya. Idan kika haɗa shi da safe kika bar shi a waje lokacin zafi, kafin yamma ya fara tsami, washegari kuwa sai zubarwa. Amma busasshiyar ayar da kika yi kunun da ita tana iya wata da watanni a buhu ba ta yi komai ba. Bambancin shi ne ruwa. Ƙwayoyin bakteriya da fumfuna da yis ba sa iya hayayyafa sai da ruwa, shi ya sa kilishi da busasshiyar kuɓewa ke daɗewa, ɗanyen nama da ɗanyar kuɓewa kuwa ba sa jure ajiya.

Loshan da kirim haɗin ruwa da mai ne, kuma a yawancinsu ruwan ya fi rabi. Ku ɗauko robar man da ke ɗakinku ku duba jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, galibi kalmar farko da za ku gani ita ce Aqua, ma'ana ruwa. Ga ruwa, ga abinci, domin mai da madara da zuma da ruwan alobera duk abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Ga kuma ɗumi da laima, musamman a garuruwa irin Legas da Fatakwal, ko a banɗakin da ake wanka da ruwan zafi. Idan yanayi ya yi mata daidai, ƙwayar bakteriya guda tana iya rabewa biyu duk bayan minti 20. A wannan lissafin, kafin awa 7 ƙwaya ɗaya ta haura miliyan.

Akwai kayan da ba su da wannan matsalar. Man kaɗe zalla da basilin da man zaitun da man kwakwa da alayyadi ba su da ruwa, don haka ba sa buƙatar sinadarin hana lalacewa. Abin da ke samun su shi ne tsufa, iska da zafi su canja musu ƙamshi. Sabulun wanka na sanda kaifin sodar da ke cikinsa ke kare shi, turaren fesawa kuma sifirit ɗin da ke ciki ya ishe shi. Amma ko man kaɗe ne, ranar da aka buga shi da ruwa ko ruwan alobera don ya yi laushi, ko aka riƙa tsoma jiƙaƙƙen yatsa a ciki bayan wanka, ya fita daga wannan sahu.

Illar man da ƙwayoyin cuta suka shiga

Mai yana iya cika da ƙwayoyin cuta alhali launinsa da ƙamshinsa ba su canja ba, musamman da yake turaren da aka zuba masa yana danne wari. Kafin a ga ɗigon baƙi ko kore a samansa, abin ya daɗe da yin nisa.

Lafiyayyar fata katanga ce, tana tare mafi yawan abin da ya sauka a kanta. Matsalar tana zuwa ne inda katangar ta tsage: wurin aski, ƙurjin da aka matse, faso, ƙuna, ko kurajen famfas a jikin jariri. Ƙwayar da likitoci ke kira Staphylococcus aureus tana kawo maruru da ƙuraje masu ruwa. Candida, wadda nau'in yis ce, tana kawo ja da ƙaiƙayi a matse-matsi. Wadda aka fi tsoro ita ce Pseudomonas aeruginosa, mai son wuri mai danshi, wadda magunguna da yawa ba sa jin ta. Idan ta samu ƙarzuwa a gaban ƙwayar ido, tana iya cinye wurin cikin 'yan kwanaki ƙalilan.

A shekarun 1970 likitocin ido a Amurka sun ba da rahoton matan da suka samu gyambo a ido bayan sun soki idon da burushin maskarar da wannan ƙwaya ta shiga, wasu har ganinsu ya taɓu. Garin neman gira ke nan aka rasa ido. A 2023 kuma an sake ganin irin haka a Amurka da wani ruwan ɗiga wa ido da aka yi a Indiya, aka zuba a kwalbar da ake buɗewa ana rufewa ba tare da sinadarin hana lalacewa ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙirga mutum 81 da suka kamu a jihohi 18. Mutum 14 sun rasa gani, an ƙwaƙule wa 4 ido, 4 kuma sun rasu. Wannan magani ne ba kayan kwalliya ba, amma darasin ɗaya ne.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne jarirai da tsofaffi da masu ciwon suga da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. A cikinsu har da masu shafa man bilicin da ke ɗauke da sitiroyid, domin yana sa fata ta yi siriri, ya kuma rage mata ƙarfin yaƙi da cuta.

Yadda ake ƙera waɗannan sinadarai

Ba a haɗa su a gida ko a shago. Manyan masana'antun sinadarai ne ke yin su, mafi yawan waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu, kamar kasuwar kemikal ta Ojota a Legas, shigo da su ake yi daga waje.

Na farko su ne dangin faraben, waɗanda aka fara amfani da su tun shekarun 1920. A jikin roba za ku ga sunayen da ke ƙarewa da paraben, kamar Methylparaben da Ethylparaben da Propylparaben. Tushensu wani sinadari ne mai suna finol da ake samu daga ɓangarorin ɗanyen man fetur. Ana haɗa shi da sinadarin fotash, a tura masa iskar kabon a tukunyar ƙarfe mai zafi da matsi, sai ya koma wani asid wanda ko a wasu tsirrai ana samun irinsa. Daga nan a dafa asid ɗin da wani nau'in sifirit, a tace, a busar, ya fito farin gari mara wari. Nau'in sifirit ɗin da aka yi amfani da shi ne ke ba kowane faraben sunansa. Sun fi ƙarfi a kan fumfuna da yis.

Na biyu shi ne wanda ake rubutawa Phenoxyethanol, wanda a yau yake cikin mayuka da yawa, har da na yara. Shi ma daga finol ake yin sa, a haɗa shi da wata iska mai guba da saurin kama wuta a rufaffiyar tukunya, sannan a tace shi sosai. Yana fitowa ruwa garai mai ɗan maiƙo da ƙamshi kaɗan kamar na fure. Tacewar ce ke bambanta mai kyau da mara kyau, domin na aikin masana'anta yana iya zuwa da ragowar finol mai ƙona fata. Shi ya sa wanda za a sa a man shafawa dole ya kasance wanda aka tace domin kayan kwalliya.

Na uku su ne Sodium Benzoate da Potassium Sorbate, waɗanda kuka saba gani a jikin kwalbar lemo da ruwan 'ya'yan itace. Asid ɗin da ake yin na farkon da shi an fara samo shi ne daga ƙaron wata bishiya ta ƙasashen Asiya da ake turaren wuta da shi, amma yanzu daga wani ɓangaren man fetur ake yin sa, a kashe tsaminsa da soda ya zama gari. Na biyun kuwa wani masani Bajamushe, Hofmann, shi ya fara ciro asid ɗinsa daga 'ya'yan wata bishiyar Turai a 1859. Su biyun suna da sharaɗi guda: ba sa aiki sai abin da aka zuba su a ciki yana da ɗan tsami, wato ƙasa da 5 ko kusa da haka a ma'aunin tsami da ake kira pH. Wanda ya zuba su a sabulu mai kaifin soda ya yi asarar kuɗinsa ne kawai.

Na huɗu su ne masu sakin iskar fomaldihaid kaɗan-kaɗan a cikin mai, irin su DMDM Hydantoin da Imidazolidinyl Urea da Diazolidinyl Urea. Na biyar kuma shi ne Methylisothiazolinone, wanda ake taƙaitawa MI, mai ƙarfin gaske, wanda za mu dawo kansa nan gaba.

Duk cikinsu babu wanda ake zubawa da yawa. Tarayyar Turai, wadda dokarta a kan kayan kwalliya ke cikin mafiya tsauri a duniya, ta ƙayyade cewa faraben irin Methylparaben kada ya wuce kashi 0.4 cikin 100, wato giram 4 a kilo ɗaya na mai. Idan an haɗa faraben fiye da ɗaya, jimillarsu kada ta wuce giram 8. Phenoxyethanol kuma iyakarsa kashi 1 cikin 100, giram 10 a kilo. Shi ya sa sunayensu ke zuwa can ƙarshen jeri a jikin roba, domin ana fara rubuta abin da ya fi yawa ne.

Yadda kamfani ke amfani da su

Kamfanin kirki ba ya dogara da sinadarin shi kaɗai. Aikinsa na farko shi ne ruwa, wanda ake tacewa a cire masa gishiri da ƙarafa, a haska shi da fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta. Ana wanke tukwane da bututu, ma'aikata su rufe gashi da baki da hannu. Ana ɗumama ɓangaren ruwa daban, ɓangaren mai daban, zuwa digiri 70 ko 75 a ma'aunin Salshiyas, a haɗe su a buga har su zama kirim. Sai ya huce zuwa wajen digiri 40 ake zuba turare da yawancin sinadaran hana lalacewa, domin zafi yana kashe ƙarfin wasunsu. Daga nan a auna tsaminsa a gyara. Yawanci ana haɗa sinadari biyu ko uku, saboda wanda ya iya da bakteriya ba lallai ya iya da fumfuna ba.

Kafin sabon mai ya fita kasuwa, akwai jarrabawar da ake yi masa. Ana ɗibar samfuri a kai ɗakin gwaji, a zuba masa ƙwayoyin cuta iri biyar da gangan: bakteriya uku, yis ɗaya, fumfuna ɗaya. Sai a ajiye shi kwana 28, ana ƙirga waɗanda suka rage a rana ta 7 da ta 14 da ta 28. Idan ba su ragu yadda ƙa'ida ta tanada ba, man ya faɗi, sai a koma a sake haɗi. Ƙa'idar duniya ta kuma ce man da aka gama kada a samu ƙwaya fiye da 1,000 a giram ɗayansa. Idan na yara ne 'yan ƙasa da shekara 3 ko na shafawa kusa da ido, kada ta wuce 100, kuma miyagun ƙwayoyin da muka ambata a sama kada a same su sam.

Rigimar faraben da abin da ya biyo baya

Da yawanku kun ga mayukan da aka rubuta musu cewa babu faraben a ciki. Asalin maganar a 2004 ne, lokacin da wata masaniya a Jami'ar Reading ta Ingila, Philippa Darbre, ta wallafa binciken da ya gano ɓurɓushin faraben a tsokar kansar mama da aka ciro daga mata 20. Da ma an san faraben yana ɗan kwaikwayon sinadarin halittar mata na istirojin, ko da yake ƙarfinsa bai kai ko kusa da na jiki ba. Sai hankalin mutane ya tashi. Amma binciken bai gwada da tsokar matan da ba su da cutar ba, bai kuma nuna cewa faraben ne ya haddasa ta ba.

Hukumomi sun sake zama a kan batun. A 2014 Tarayyar Turai ta haramta faraben guda biyar da ba a da isasshen bayani a kansu, ta rage adadin Propylparaben da Butylparaben zuwa kashi 0.14 cikin 100, ta kuma hana sa waɗannan biyun a man da ake shafa wa yara 'yan ƙasa da shekara 3 a wurin famfas. Methylparaben da Ethylparaben kuwa ta bar su a kan adadinsu.

Sai dai kafin nan kamfanoni da yawa sun riga sun gudu daga faraben saboda tsoron rasa kasuwa, suka koma MI. Gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago. Cikin 'yan shekaru likitocin fata a Turai da Amurka da Ostireliya suka fara ganin mutane birjik da ja da ƙaiƙayi da kumburi a fuska da hannu, har da jarirai da iyayensu da ke amfani da tishun goge jiki mai danshi. A 2013 ƙungiyar likitocin borin fata ta Amurka ta ayyana MI a matsayin sinadarin da ya fi jan hankali wajen kawo bori a shekarar. A 2017 Turai ta hana sa shi a duk man da ake shafawa a bari a jiki. A shamfu da sabulun ruwa da ake wankewa kuma aka rage shi zuwa giram 15 kacal a kilo 1,000. Abin mamaki, a 2019 ƙungiyar likitocin nan ta fito ta ce faraben yana cikin sinadaran hana lalacewa da suka fi ƙarancin kawo bori.

Don haka idan kuka ga an rubuta babu faraben, tambayar da ta dace ita ce: to me aka sa a madadinsa?

Maganar fomalin a sabulun ruwa

Wannan ya shafe mu kai-tsaye. A wuraren koyon sana'a da dama, idan ana lissafa kayan haɗa sabulun ruwa, bayan soda da salfonik da tekzafon da kala da turare, sai a ce a zuba fomalin don kada ya lalace. Fomalin ruwa ne da aka narkar da iskar fomaldihaid a ciki, wajen kashi 37 cikin 100, kuma shi ne ake adana gawa da shi a asibiti. Yana da araha, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta sosai, amma tururinsa yana ƙona ido da hanci da maƙogwaro, yana tayar da asma, yana sa borin fata. Tun 2004 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fomaldihaid a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, musamman ga masu shaƙarsa a wurin aiki shekara da shekaru. A 2019 Turai ta cire shi daga jerin sinadaran hana lalacewa da aka yarda a sa a kayan kwalliya.

Wadda ta fi shiga haɗari ita ce mai haɗawar, wadda ke sunkuyawa a kan bokiti a ƙuntataccen ɗaki, wani lokaci da goyo a bayanta. Kada a sa fomalin a sabulun wanka ko shamfu ko man shafawa. Kada kuma a ajiye shi a gorar ruwa ko ta lemo inda yaro zai ɗauka ya sha.

Ga masu haɗa mai a gida

'Yar'uwa mai wannan sana'a, fatar mutane amana ce a hannunki, kuma kwastoma ɗaya da fuskarta ta lalace ta isa ta rusa sunan da kika daɗe kina ginawa. Ga abubuwan kiyayewa:

1. Bitamin E ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Aikinsa hana mai saurin tsufa ne kawai. Haka man ƙamshi na tsirrai da lemon tsami ba su isa su kare loshan ba. Zuma zalla tana daɗewa, amma da an sirka ta da ruwa sai ta yi tsami.

2. Ki sayi ƙaramin sikeli mai auna giram, har da ɓangaren giram. Ba a auna waɗannan sinadarai da murfin gora ko cokali. Idan ya yi kaɗan ba zai yi aiki ba, idan ya yi yawa ya ƙona fata.

3. Ki san abin da kika saya. Ki nemi cikakken suna, da adadin da ake zubawa, da zafin da yake jurewa, da tsamin da yake aiki a ciki. Misali Liquid Germall Plus da masu haɗa mai suka fi sani, ana zuba giram 1 zuwa 5 ne a kilo, bayan haɗin ya huce ƙasa da digiri 50. Yana cikin masu sakin fomaldihaid, kuma akwai wani sinadari mai ayodin a cikinsa wanda dokar Turai ta hana sawa a man leɓe da man shafe jiki gaba ɗaya da man yara 'yan ƙasa da shekara 3. Duk abin da aka ƙulla miki a leda ko aka ɗura a gora babu suna, ki bar shi.

4. Ki yi amfani da tataccen ruwa na ɗakin gwaji, ba na rijiya ko na 'yan garuwa ba. Ki goge kwano da muciya da robobi da sifirit, ki bari su bushe, ki sa safar hannu da takunkumi. Ki sayi takardar auna tsami, ba ta da tsada.

5. Ki daina juye mayuka uku ko huɗu na kanti a kwano ɗaya kina ƙara musu ruwa da sabulu da 'ya'yan itace. Kowane mai an auna masa sinadarinsa daidai da abin da ke cikinsa, da kin ƙara wani abu lissafin ya rushe.

6. Ki riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, ki rubuta ranar haɗawa da abubuwan da ke ciki. Idan sana'ar ta kama, ki nemi rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, wadda kayan kwalliya ke ƙarƙashin kulawarta kamar yadda abinci da magani suke.

Idan ba ki da halin yin waɗannan, ki tsaya a kan kayan da ba su da ruwa, kamar man kaɗe da aka narka da man kwakwa ko na zaitun. Suna da kasuwa, kuma hankalinki kwance.

Ga mai saye da mai shafawa

Kafin ku biya kuɗi, ku duba lambar NAFDAC da sunan kamfani da adireshinsa da ranar ƙarewar aiki da jerin abubuwan da ke ciki. Man da ba a rubuta komai a jikinsa ba sai lambar waya, babu wanda za ku kama idan ya yi ɓarna. Araha ba ta ado.

A jikin mayuka da yawa akwai hoton ɗan gwangwani buɗaɗɗe da aka rubuta 6M ko 12M ko 24M. Ma'anarsa adadin watannin da man zai yi bayan an buɗe shi. Ku rubuta ranar buɗewa a gindin robar. Maskara kuwa a canja ta bayan wata 3, kada a jiƙa ta da ruwa ko yawu idan ta bushe.

Maigida, idan shamfu ko loshan ya kusa ƙarewa, kada a ɗura masa ruwa a ajiye ana lallaɓawa har sati biyu. Ruwan ya tsinka sinadarin da ke kare shi. Idan an ɗauraye robar, a ƙarar da shi a ranar.

Roba mai famfo ko ta matsawa ta fi gwangwani mai faɗin baki da kowa ke tsoma yatsa. Idan gwangwanin ne, a wanke hannu a goge shi ya bushe, ko a ɗiba da ƙaramin cokali mai tsafta. A rufe bayan an gama, a nisanta shi da rana da cikin mota da laimar banɗaki.

Haɗin gyaran jiki na gida, irin dilka da kurkur da madara da ƙwai da alobera, a kwaɓa daidai na shafawar ranar. Garin busasshe ne ke jure ajiya. Wanda aka kwaɓa, ko a firiji kada ya wuce kwana biyu zuwa uku, balle ga yadda wutar lantarki take a wurinmu.

Lokacin biki, amarya da ƙawayenta su je wurin mai kwalliya da maskararsu da kwallinsu da jan bakinsu. Burushi da soso ɗaya da ya zaga fuskoki goma hanya ce ta yaɗa ciwon ido irin Afolo da ƙurajen baki. Duk wadda ta yi ciwon ido ta zubar da kayan kwalliyar idon da ta yi amfani da su a lokacin.

Idan mai ya rabu ruwa daban mai daban, ko ya canja wari ko launi, ko robar ta kumbura, a zubar da shi duka. Kwashe saman da ya yi fumfuna ba ya tsarkake na ƙasa.

Ga jarirai, ƙarancin kaya ya fi. Basilin ko man kaɗe mai tsafta ya wadatar ga yawancinsu. A duba tishun goge jiki, idan akwai Methylisothiazolinone a jerin, a nemi wani, ko a koma ruwa da auduga. Mai shayarwa kuma kada ta shafa kowane irin mai a kan nono sai wanda ma'aikatan lafiya suka ba ta.

Mai saurin bori ya fara gwada sabon mai a lanƙwasar hannu, safe da yamma na 'yan kwanaki, kafin ya kai shi fuska. Idan ja ko ƙaiƙayi ya fito, a dakata, a je wurin likitan fata da robar a hannu, domin akwai gwajin da ake manna wa mutum a baya a gano ainihin sinadarin da jikinsa ba ya so. Amma ciwon ido mai zafi da ja da ƙin haske ko dishi-dishi bayan kwalliya ba na jira ba ne. A tafi asibiti a ranar, kada a tsaya ɗiga ruwan suga ko nono ko wani abin da maƙwabta suka ce.

A nan za mu dakata a wannan makon. Yau da daddare a ɗan ware minti goma a duba robobin da ke gaban madubi da kwandon yara, a karanta jikinsu, wanda ya wuce lokacinsa a raba gidan da shi. Masu tambaya a kan wani suna da suka gani a jikin mai suna iya aiko mana kamar yadda aka saba.